Ruwan zangonmu kalar shayi ne, kulorin kuma ba ya daɗewa a cikinsa: mu daina zubawa ko mu ƙara?

Mai Albasa, Mile 12, ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ruwan sha, domin wata magana ta taso wadda ta raba kan kwamitinmu gida biyu, kuma ba na son mu yanke hukunci da ka a kan abin da ya shafi lafiyar yara.

Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 da ke Legas, amma iyalina suna zaune a wani ƙaramin zango da ke bakin fadama tsakanin Ikorodu da Epe, inda 'yan'uwanmu masu lambu da masu kiwo da wasu masunta suka yi kusan shekara 20. Gidajen ba su kai 100 ba. Shekara 3 da suka wuce muka yi karo-karo muka haƙa rijiyar burtsatse, sai ruwanta ya zo da ƙarni irin na tsatsa yana ɓata fararen kaya, idan rani ya tsananta kuma har ɗan gishiri-gishiri ake ji a harshe, don haka mata suka ƙi girki da shi. Daga nan muka koma jan ruwa da inji daga rafin da ya ratsa fadamar zuwa wani baƙin tankin roba mai cin lita 10,000, kuma daga wannan tanki gidaje suke ɗiba, 'yan garuwa ma suna cika jarkokinsu su tura a kura su kai wa maƙwabta.

Ruwan rafin ba shi da laka sosai in ba an yi ruwan sama ba, amma launinsa kamar na shayin da ba a sa wa madara ba, kuma ko ya kwana a bokiti launin ba ya kwantawa. Tun lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas a daminar 2024 muka fara zuba garin kulorin a tankin kowace safiya. Abin da muke gani shi ne, da an zuba sai warin ya yi ƙarfi har yara su ƙi sha, amma kafin azahar ya ɓace, kuma ɗan abin gwajin da muka saya, wanda ake jefa ƙwaya a ruwa ya koma ruwan hoda, ba ya nuna komai idan aka gwada da la'asar. Ganin haka yaron da ke kula da tankin ya ninka abin da yake zubawa, amma sai dai warin safe ya ƙaru, na yamma kuwa shiru.

A hutun da ya wuce ɗan yayata da ke karatun kimiyya a jami'a ya kawo mana ziyara, ya ga ruwan, ya ce kulorin idan ya haɗu da ruwa mai irin wannan launi yana haifar da wasu sinadarai da ake dangantawa da ciwon daji. Kafin a yi sallar isha'i maganar ta zaga zangon kaf. Yanzu wasu dattawa sun ce a daina zuba maganin gaba ɗaya, tunda iyaye da kakanni sun sha ruwan rafi ba su mutu ba, wasu kuma sun ce a ƙara ninkawa har sai ya riƙa kaiwa dare.

Don Allah, maganar yaron nan gaskiya ce? Idan gaskiya ce, wanne ya fi haɗari, zubawar ko barin? Kuma akwai wata hanya da mutane irinmu, waɗanda ba su da tsayayyar wutar lantarki kuma asusunsu na karo-karo ne, za su iya bi su gyara ruwan?

Baba Mai Ritaya, Agege, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ku ɗauki mataki. Na yi shekaru masu yawa ina aiki a gidan tace ruwa kafin in ajiye aiki, kuma irin ruwan da ka kwatanta na sha ganinsa a ƙauyukan bakin fadama na wannan jiha. Ɗan yayarka bai yi ƙarya ba, amma dattawan da suka ce a daina sun yi kuskure mai girma, masu cewa a ƙara ninkawa su ma sun kauce hanya. Kuna zuba kulorin ne tun ruwan bai shirya karɓarsa ba.

Bari in fara da launin. Wannan ruwan jiƙo ne, kamar yadda mai magani yake jiƙa sassaƙe da saiwoyi ruwan ya yi ja. Ganyaye da ciyayi da saiwoyin da suka ruɓe a fadama suna sakin wasu abubuwa da suke narkewa a ruwa kamar yadda sukari yake narkewa a shayi, shi ya sa ba sa kwantawa ko ruwan ya kwana, ƙyallen tata kuma ba ya kama su. Wannan daban yake da jan ruwan rijiyar burtsatsenku, wanda yakan fito fari tas, sai ya sha iska sannan ya yi ja ya ajiye guggubi a gindin bokiti, domin wancan ƙarfe ne.

Shi kulorin ba ya tantance ƙwayar cuta da jiƙon ganye, duk abin da ya tarar a gabansa shi zai fara ci. Idan jiƙon ya yi yawa, maganin yakan ƙare a kansa cikin 'yan awoyi, wannan ne dalilin da ya sa abin gwajinku ba ya nuna komai da la'asar. A wurin wannan cin ne kuma ake samun sinadaran da yaron yake magana. Wani masani mai suna Rook da ke aiki a gidan ruwan birnin Rotterdam na ƙasar Holan ne ya bayyana su a 1974, ana kuma kiran babban rukuninsu THM a taƙaice. Su huɗu ne, kuma wanda aka fi sani shi ne kulorofom. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kulorofom a miligiram 0.3 cikin kowace lita, Amurka ta sa iyakar jimillar su huɗun a miligiram 0.08, Tarayyar Turai kuma 0.1. Ka lura cewa lissafin Hukumar Lafiya an gina shi ne a kan babban mutum mai shan lita 2 kullum tsawon rayuwarsa, ba a kan wanda ya sha na mako ko na wata ba. Abubuwan da ke ƙara yawansu kuwa duk suna nan a wurinku: yawan jiƙon, yawan kulorin, zafin ruwa, da daɗewar ruwan a ajiye. Baƙin tanki a tsakiyar ranar Legas, da yaro mai ninka magani, kun haɗa su duka huɗu ke nan.

Maganin abin shi ne a cire jiƙon tukuna, sannan a zuba kulorin a ƙarshe. Wannan shi ne tsarin da manyan gidajen ruwa irin na Iju, wanda yake aiki tun 1915, da na Adiyan suke kai: a zuba alif, a bar datti ya kwanta, a tace da yashi, sannan a kashe ƙwayoyin cuta. Ku ma za ku iya yin ƙaramin irinsa, amma dole ku sayi tanki na biyu, domin tanki ɗaya ba ya yin aiki biyu.

Alif ɗin da nake nufi shi ne wanda ake sayarwa dunƙule-dunƙule kamar ƙanƙara, wasu na ce masa alam. Duk wanda ya taɓa ganin mai awara ta zuba ruwan tsami a madarar waken suya, madarar ta tsinke ta yi gudaji ruwan ya ware, ya ga yadda alif yake aiki. Yana tattara laka da babban kaso na jiƙon su zama gudaji masu nauyi, su gangara ƙasa. Sai dai ba a zuba shi da ka, kuma abin da ya ishi ruwan wani rafi ba lalle ya ishi naku ba. Ga yadda muke gwadawa. Ka narkar da giram 10 na alif a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Ka jera robobi 6 masu haske, kowacce da lita 1 ta ruwan rafin. Ka sami sirinji sabo ka zuba mililita 1 a ta farko, 2 a ta biyu, haka har 6 a ta shida, kowace mililita kuwa daidai take da miligiram 10 a lita. Ka juya kowacce da ƙarfi na minti 1, sannan a hankali na minti 15, ka bar su kamar awa guda. Robar da ta fi washewa da mafi ƙarancin alif ita ce ma'auninku. Idan ta uku ce, misali, miligiram 30 ke nan a lita, wato giram 300 a tankinku mai lita 10,000. A narkar da shi a bokiti a riƙa zubawa daidai bakin bututun lokacin da injin yake cika tankin, domin ƙarfin zubar ruwan ya gauraya shi.

Akwai abu guda da yake ba sababbin shiga kunya, shi ne tsamin ruwa. Alif ya fi cire launi idan pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda lambarsa take sauka idan tsami ya ƙaru, yana wajen 6 ko ƙasa da haka kaɗan, amma shi kansa alif yana ƙara wa ruwa tsami, ruwan fadama kuwa dama yakan zo da nasa. Idan tsamin ya wuce kima, gudajin ba za su haɗu ba ko da ka ƙara alif, sai ma ruwan ya yi bauri. A nan ake sa ɗan garin soda na masana'anta, wanda aikinsa irin na kanwa ne wajen kashe tsami. Ku sayi takardar gwajin pH, ba ta da tsada, kuma ku tabbata ruwan da zai kai ga mutane yana tsakanin 6.5 da 8.5 kamar yadda ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tanada.

Bayan ruwan ya kwanta na awa 3 ko 4, ko ma ya kwana, a janye na sama ta bututun da ke sama da gindin tankin da kamar kamu ɗaya, ya bi ta durom mai tsakuwa da yashi, ya shiga tanki na biyu. A nan ne za a zuba kulorin. Garin da kuke saya yawanci kashi 65 zuwa 70 cikin 100 nasa ne kulorin, saboda haka giram 30 a lita 10,000 yana ba da kusan miligiram 2 a lita. Ku fara da rabin haka, ku jira minti 30, ku gwada. Abin da ake nema shi ne a ga sauran kulorin miligiram 0.5 a lita bayan minti 30, kuma kada ya gaza 0.2 a jarkar da ta fi nisa. Ku yi wa tankin rumfa, ku kuma riƙa haɗa abin da za a shanye a kwana ɗaya ko biyu kawai.

Ma'aikaciyar Jinya, Idi-Araba, ta amsa:

Salamu alaikum. Baba ya gama bayanin aikin, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni abin da ya tayar mini da hankali a rubutunka, Malam, shi ne batun dainawa, domin tanki na biyu da durom ɗin yashi za su ɗauki makonni kafin a haɗa kuɗinsu, kuma a cikin waɗannan makonni ne nake jin tsoron dattawan za su yi rinjaye.

Ina roƙonka ka gaya musu da ladabi cewa haɗarin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Kwalara tana iya zuƙe ruwan jikin babban mutum ta kashe shi a cikin awoyi idan bai sami taimako ba, ƙaramin yaro kuwa ba a magana, kuma waɗanda suka yi aiki a asibiti a daminar 2024 sun ga haka da idonsu. Ga kuma taifot da gudawar yara da ruwan rafi yake kawowa ba tare da an kira su annoba ba. Abin da ake faɗa game da THM kuwa ya fito ne daga binciken da aka yi a kan mutanen da suka shafe gomman shekaru suna shan ruwa mai yawansu, inda aka ga ƙarin haɗarin sankarar mafitsara, hukumar binciken ciwon daji ta duniya kuma ta sa kulorofom a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar. Ba abin wasa ba ne, kuma ya kamata a rage shi, amma ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sa iyakokin da Baba ya ambata ta bayyana ƙarara cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta da sunan gudun waɗannan sinadarai. Maganar cewa kakanni sun sha ruwan rafi kuwa, mu da muke zama da tsofaffin mata mun san yawan 'ya'yan da kowacce ta binne kafin yaye.

Kafin ku kammala aikin, gidan da ke da durom ko babban baho zai iya sa ɗan alif da dare, ya tsiyaye na sama da safe, sannan ya sa maganin ruwa irin su WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs bisa ma'aunin da ke jikin takardarsu. A tankin kuma a koma ma'aunin farko, a daina ninkawa, a cika shi daidai abin da za a ɗiba kafin azahar. Warin da ya sa yara suke ƙin sha haɗari ne shi kansa, domin yaron da ya ƙi ruwan tanki rafi zai gangara.

Sannan ku duba jarkokin 'yan garuwa. Na sha ganin jarkar da cikinta ya yi kore saboda ba a taɓa wanke ta ba, kuma irin wannan gansakuka tana cinye ɗan kulorin da ya rage kafin a kai ƙofar gida. Haka randar da kowa yake tsoma moɗa da hannu. Duk wahalar da za ku sha a bakin tanki tana iya lalacewa a nan.

Ɗan Zango, Alaba Rago, ya amsa:

Ranka ya daɗe Baba, ina da tambaya a kan alif. A garinmu iyayenmu mata ƙwayar zogale suke dakawa su zuba a ruwan tabki, kafin wani lokaci ka ga ya kwanta fes, kuma na ji ana cewa masana sun tabbatar da aikinta. Tunda tsoron sinadari ne ya kawo wannan magana, me zai hana su Malam su yi amfani da zogale maimakon su ƙara wani sinadarin a kan wani? Ga shi kuma su masu lambu ne, za su iya shuka shi a gefen gonakinsu. Haka nan gawayi, wanda nake gani ana sawa a cikin matatar ruwa, ai ba ya yankewa a zango.

Malamin Kimiyya, Ojo, ya amsa:

Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma gaskiya ne cewa ƙwayar zogale tana kwantar da laka, domin akwai wani sinadarin furotin a cikinta da ke tattara dattin kamar yadda alif yake yi. Matsalar ita ce ita ma zogalen tsiro ce. Idan ka daka ƙwayar ka zuba, lakar za ta kwanta, amma mai da sauran abubuwan da ke cikin garin za su narke su zauna a ruwan, wato ka ƙara masa irin abin da ake ƙoƙarin cirewa, wanda kulorin zai ci, ƙwayoyin cuta ma su samu abinci idan ruwan ya kwana. Ga matar da za ta kwantar da tulu ɗaya ta dafa ko ta shanye a ranar, zogale tana da amfani. Ga tankin lita 10,000 da za a zuba wa kulorin, ruwan kuma matsalarsa launi ce ba laka ba, alif ya fi dacewa nesa ba kusa ba.

Gawayin murhu kuma ba shi ne wanda ake sawa a matata ba, ko da yake kamanninsu ɗaya. Na matata ana yin sa ne sau da yawa daga ɓawon kwakwa, a gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 ko fiye, har ya yi ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ta yadda giram ɗaya yakan samu faɗin da ya kai murabba'in mita 1,000 idan aka lissafa cikin ramukan. A waɗannan ramuka jiƙon yake maƙalewa. Yana aiki ƙwarai, amma yana cika, kuma idan aka sa shi kai tsaye a ruwa mai kalar shayi zai ƙoshi cikin ɗan lokaci ya zama kuɗin da aka zubar. Wurinsa bayan alif da yashi, kafin kulorin, kuma sai asusu ya yi ƙarfi. Ita ma fitilar kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke tallatawa ba ta dace da nan ba, domin launin yana shanye haskenta, tana son wuta koyaushe, kuma ba ta barin komai a ruwan da zai kare shi a cikin jarka.

Akwai wurin da nake so in ƙara a kan maganar Baba, tare da girmamawa. Malam ya ce rijiyar burtsatsensu tana ɗan yin gishiri da rani. Ruwan teku yana ɗauke da sinadarin buromayid, kusan miligiram 65 a lita, kuma duk inda ruwan gishiri ya kutsa, ko a rijiya ko a rafin da ke haɗe da lagun, wato tabkin da ruwan teku yake shiga, yakan zo da shi. Idan kulorin ya tarar da buromayid tare da jiƙon ganye, nau'o'in THM masu ɗauke da buromin ne suke yawaita, iyakarsu kuwa ta fi tsanani, domin ɗaya daga cikinsu Hukumar Lafiya ta tsayar da shi a miligiram 0.06 kacal. Saboda haka kada a yi dabarar gauraya ruwan rijiyar da na rafin don a rage launi, musamman da rani.

Amma kuma ban yarda a yi watsi da rijiyar ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yawanci jiƙonsa kaɗan ne, ƙwayoyin cutarsa ma ba su kai na rafin da dabbobi ke shiga ba, ƙarfe kuwa yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin cirewa: a sa ruwan ya zubo daga sama ta kan faranti masu huji ya sha iska, a bar shi ya yi jansa ya kwanta, a tace da yashi. Ina ba da shawara a kai ruwanta ɗakin gwaje-gwaje sau biyu, a tsakiyar damina da kuma ƙarshen rani, a auna gishiri da ƙarfe da pH da ƙwayoyin cuta. Idan gishirin na 'yan watannin rani ne kawai, sai a sha rijiya da damina, daidai lokacin da ruwan sama yake wanko fadama rafin ya fi baƙi, a koma rafi da alif idan rani ya yi.

Gwajin THM ɗin kansa yana da tsada, sai manyan ɗakunan gwaje-gwaje masu na'ura ta musamman, kuma dole a cika kwalbar taf ba iska a ajiye ta a ƙanƙara, domin sinadaran suna tashi su bi iska. Don haka launin ne zai zama ma'auninku na yau da kullum: a zuba ruwan da aka gyara a dogon kofin gilashi, a ɗora a kan farar takarda kusa da kofin ruwan leda, a leƙa ta sama. Abu na ƙarshe, idan kuka koma amfani da kulorin na ruwa, kada ku sayi da yawa ku ajiye a zafi, domin ƙarfinsa yana raguwa kuma yana rikiɗa ya zama wani sinadarin da ake kira kuloret, wanda shi ma yana da iyaka ta miligiram 0.7.

Mai Albasa, Mile 12, ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa kwamiti amsoshinku bayan sallar Juma'a, kuma maganar 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya ce ta sa dattawan suka yi shiru, aka amince ba za a daina ba, aka kuma hana yaron ninkawa.

Ranar Lahadi muka yi gwajin robobin nan 6 a gaban jama'a. Ta farko da ta biyu ba su yi komai ba, ta uku ta fara washewa, ta huɗu da ta biyar suka yi fes har wani tsoho ya ce an sauya masa ruwan, ta shida kuwa ta yi wani hazo-hazo kuma takardar pH ta nuna ta gangara ƙasa da 5. Mun tsayar da ta huɗu, wato giram 400 a tanki. Da muka tsiyayi ruwanta muka ɗiga kulorin kaɗan, ƙwayar gwajin ta nuna ruwan hoda har washegari da safe, abin da ba mu taɓa gani ba. An fara karo-karon tanki na biyu, 'yan garuwa kuma sun yarda za su riƙa wanke jarkoki kowace Asabar. Batun kai ruwan rijiya ɗakin gwaji sai ƙarshen wata.

Baba, saura tambaya biyu. Guggubin da zai taru a gindin tankin farko, masu lambu suna cewa a ba su su zuba a gona, ya halatta? Kuma wannan giram 400 shi ke nan har abada?

Baba Mai Ritaya, Agege, ya amsa:

Madalla, Malam. Guggubin kada a zuba shi a kan ganyen da ake ci ɗanye irin su latas, domin duk ƙwayoyin cutar da alif ya kwantar suna cikinsa, kuma kada a mayar da shi rafi sama da inda kuke ja. Ku sa famfo a can gindin tankin, ku haƙa ɗan rami nesa da rijiyar, ku riƙa sakinsa a ciki bayan kowane cikawa biyu ko uku, idan ya bushe a binne.

Giram 400 kuwa na ruwan wannan makon ne. Idan aka yi ruwan farko a watan Afrilu, ko aka kwana ana sheƙawa a watan Yuni, rafin zai ƙara duhu, sai ku sake jera robobin. Haka idan rani ya shigo ya washe, wataƙila giram 200 ya isa. Tunda roba ta shida ta gangara ƙasa da 5, ruwanku ba ya jure alif da yawa, saboda haka ku sayi garin sodan tun yanzu ku ajiye, kuma ku auna pH na tanki na biyu kafin a zuba kulorin. Ku samo wa yaron littafi ya riƙa rubuta kwanan wata da nauyin alif da abin da ƙwayar gwaji ta nuna safe da yamma, idan ya cika wata guda ka ɗauki hotonsa ka turo mu duba tare.